Dakta, ka shiga talabijin da abin da ka sani, ka bar musu sauran

Wasiƙar da ta zo:

Assalamu alaikum Baba. Ni malami ne a Jami'ar Marwa da ke arewacin Kamaru, sashen labarin ƙasa, ina matakin chargé de cours, wato ƙasa da na farfesa, kuma bincikena tun daga digirin dakta a kan kogin Logone ne da ambaliyarsa. Lokacin ambaliyar damunar 2024 wani gidan talabijin na Duwala ya neme ni, na yi bayani ta bidiyo, mutane suka yaba. Tun daga nan suke yawan kirana muhawarar ranar Lahadi, amma yanzu ba maganar ruwa kaɗai ba: yau tsadar man fetur, gobe siyasa, har ƙwallon ƙafa an taɓa tambayata. A ƙasan hotona Farfesa suke rubutawa alhali ban kai ba. Mahaifina malamin zaure ne a Garwa, ya ce wannan riya ce, ilimi ba ya tallar kansa. Wani babban farfesa a sashenmu ya ce talabijin cinye malami take yi. Kawuna kuwa cewa ya yi in dage, ta nan ake samun muƙami. Mai ɗakina tana tsoron kada wata rana in faɗi abin da zai sa a zo a tafi da ni. Ga kundayen ɗalibai a teburina ban karanta ba. Ni kuma, tsakani da Allah, ina jin daɗin yadda ake gaishe ni a kasuwa. Shin fitowar malamin jami'a a talabijin tana da amfani, ko in janye gaba ɗaya?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Dakta ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi maganar gaisuwar kasuwa da bakinka, domin da ka ɓoye ta da shawarata ta tafi a karkace. Kada ka janye, kuma kada ka ci gaba da tafiya yadda kake yi yanzu. Fitarka ta farko, wadda ka yi maganar ruwan Logone, aiki ne da ya hau kanka. Mafi yawan waɗanda suka biyo bayanta gidan talabijin kaɗai suka amfana, kai da mai kallo ba ku tashi da komai ba.

Bari in fara da dalilin da ya sa na ƙi ka janye.

Manyan gidajen talabijin na ƙasar nan duk a kudu suke. CRTV da Vision 4 suna Yawunde, Canal 2 da Equinoxe da STV suna Duwala. Tsakanin Marwa da Yawunde ya haura kilomita 1,000, mai zuwa ta ƙasa sai ya sha mota har Ngaundere sannan ya kwana a jirgin ƙasa. Saboda haka in Lahadi ta zo aka jera kujeru, na kusa ake kira: lauya, ɗan jam'iyya, ɗan jarida, malamin kimiyyar siyasa. Da yawansu masu ilimi ne a fagensu, amma da zarar maganar yankinmu na Arewa Mai Nisa ta taso sai ka ji ana juya talauci da jahilci da Boko Haram, a wuce. Mutumin da bai taɓa taka Yagwa ba, bai san inda Pus take ba, bai taɓa ganin yadda ruwa ke shimfiɗuwa a fadamar Logone ba, shi zai bayyana wa ƙasa dalilin rushewar gidajen mutanenmu. In ka ƙi zuwa ba za a bar kujerar wayam ba, wani za a ɗora.

Ka tuna abin da ke kanka wanda su ba su da shi. Ka san ambaliyar Logone ba baƙuwa ba ce, da ita fadamar ke rayuwa: ruwan da ke malala a ƙarshen damuna shi ke kawo kifi, shi ke tsirar da ciyawar da shanu za su ci da rani. Ka san a 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwar bakin kogi domin noman shinkafar kamfanin gwamnati na SEMRY, aka tare ruwan da ke shiga fadamar, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya haɗu da shi, sai kifi ya ragu, masu shanu suka rasa wurin kiwo, namun dajin Waza suka shiga wahala, har a 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa domin a mayar wa fadamar da kaɗan daga abin da aka hana ta. Ka san bayan ambaliyar 2012 an karɓo kuɗin Bankin Duniya an gyara madatsar da ganuwar, kuma kana da ta cewa a kan abin da gyaran ya tare da abin da bai tare ba. Wanda bai san wannan tarihi ba cewa zai yi a ƙara wa ganuwa tsawo kowa ya huta. Kai kuwa tambaya za ka yi: in an tare ruwan nan ina zai nufa, kuma abincin wa zai tafi da shi?

Haka rikicin Logone-Birni na 2021, na watan Agusta da na Disamba, tsakanin Larabawa Shuwa masu kiwo da Musgum masunta da manoma, wanda ya kai har Kusiri, ya sa dubban mutane suka tsallaka Chadi. Mai hange daga nesa faɗan ƙabilanci kawai ya gani. Alhali ruwa ne tushensa: masunta suna haƙa manyan ramuka domin su riƙe ruwa da kifi in ambaliya ta janye, shanu kuma suna faɗawa ciki a hanyar mashaya. Malamin da zai zauna gaban kyamara ya warware wannan cikin natsuwa, ba tare da ya jingina wa wata ƙabila laifi ba, ya yi wa ƙasa aikin da ba kowa ke iyawa ba.

Ko maganar Tafkin Chadi. Kowa ya haddace cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma fari ya tsuke shi ƙwarai a shekaru ashirin da suka biyo baya. Amma masu bibiyarsa da hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa daga shekarun 1990 zuwa yau ba ci gaba da ƙafewa yake yi ba, ƙaruwa yake yana raguwa gwargwadon damuna, kuma abin da ya fi wahalar da mazauna bakinsa shi ne rashin sanin inda ruwan zai tsaya bana. Shirin da gwamnati za ta tsara domin tafkin da ke mutuwa daban yake da wanda za ta tsara domin tafkin da ke kai da komo. Wa zai faɗa wa masu yanke hukunci wannan in ba irinku ba? Kuma muhawarar Lahadi su ne masu kallonta. Darakta a ma'aikata, ɗan majalisa, mai ba minista shawara, ba wanda zai buɗe mujallar kimiyya ya karanta maƙalarka, amma suna zaune a falo bayan abincin rana suna jin ka. Minti biyar na gaskiya a kunnensu na iya kaiwa inda rahoto mai kauri bai kai ba. Wannan amfani ne babba, ban yarda a raina shi ba.

Sai dai ranar da aka tambaye ka farashin man fetur ka amsa, me ka sani a kansa wanda direban da ke jigila tsakanin Marwa da Kusiri bai sani ba? Ƙila ma ya fi ka, tunda shi ke tsayawa sayen zuwa-zuwa, wato man fetur na fasa-ƙwauri, a bakin hanya. Abin da ya raba ku shi ne kai an rubuta muƙamin ilimi a ƙasan hotonka, sai ra'ayinka ya fito ana ɗaukarsa bincike. Mai kallo ba shi da hanyar gane lokacin da kake magana daga shekarun da ka yi kana auna ruwa, da lokacin da kake faɗin abin da ya zo maka a rai daren Asabar. Murya ɗaya yake ji, fuska ɗaya yake gani. Amana ce aka ba ka saboda abu guda kake kashe ta a kan wani, kuma ranar da aka kama ka da kuskure a maganar mai ko ta ƙwallo, har maganarka ta ruwa sai ta yi rauni.

Ka fahimci abin da mai shirya shirin yake nema. Ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. Yana da lokacin da zai cike da batutuwan mako, yana bukatar mutumin da ke ɗaukar waya, mai Faransanci mai daɗi, wanda ba ya in'ina, ba ya cewa a ba shi mako guda ya duba. Ya gwada ka ya ga kana da waɗannan, sai ya ajiye lambarka. Yana kiranka ne domin kana amsawa. Masanin zamantakewar nan na Faransa, Pierre Bourdieu, ya yi wannan kuka tun 1996, cewa talabijin ta fi son masu tunanin gaggawa, waɗanda amsarsu a shirye take kullum domin abin da kowa ya riga ya yarda da shi suke maimaitawa. Abin lura, ta talabijin ɗin ya isar da wannan bayani, amma bisa sharaɗinsa: shi ya zaɓi batu, ba mai katse shi, ba mai ƙirga masa minti. Bai ce malami ya ƙaurace mata ba. Cewa ya yi ya san sharaɗin da za a ba shi magana a kai kafin ya amsa gayyata.

Mun kuma ga illar abin da idonmu a 2020. Farfesa Didier Raoult na birnin Marseille babban masanin ƙwayoyin cuta ne, ba ɗan koyo ba. Ya fito a bidiyo da talabijin ya ce wani dangin maganin kulorokin yana maganin korona, bisa ɗan ƙaramin gwaji a kan mutane ƙalilan. A ƙasashenmu masu Faransanci maganar ta shiga kowace waya, mutane suka bazama neman maganin a kantuna da bakin kasuwa. Da aka yi manyan gwaje-gwaje a kan dubban marasa lafiya ba a ga amfaninsa ga wannan cuta ba, kuma a ƙarshen 2024 mujallar da ta buga wancan bincike ta janye shi. Wannan fa mutum ne da ke magana a cikin fagensa, kawai dai ya riga hujja isa gaban kyamara. To ina ga wanda ya bar fagensa baki ɗaya? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu mabiya Malikiyya muna da abin koyi a gida. An ruwaito cewa wani mutum ya yi doguwar tafiya ya kawo wa Imamu Malik tambaya daga mutanen garinsu, Imam ya ce bai sani ba. Mutumin ya ce, to me zan gaya wa waɗanda suka aiko ni? Ya ce ka gaya musu Malik ya ce bai sani ba. Ka shiga ɗakin watsa shiri da wannan a bakinka. In an gama maganar ambaliya aka juyo da ta ƙwallo, ka ce wannan ba fannina ba ne, ka ja bakinka. Za a yi ɗan jim, mai gabatarwa ya wuce ga na kusa da kai, masu kallo kuwa su riƙe cewa Daktan nan in ya buɗe baki ya san abin da yake faɗa. Ka dubi Farfesa Saibou Issa na nan jami'arku: 'yan jarida suna nemansa kan tsaron yankin Tafkin Chadi ne saboda shekarun da ya kwashe yana binciken 'yan fashin hanya, kuma wannan ne ya sa maganarsa take da nauyi.

Mafi kyau ma a warware komai tun a waya. In sun kira ka tambayi batun, ka tambayi su wa za ku zauna da su, ka tambaya kai tsaye ne ko naɗa za a yi. In ruwa ne, ko fari, ko ƙasar noma da kiwo a bakin Logone da tafki, ka amsa da hanzari, ka yi shiri irin na shiga aji. Sauran batutuwa ka haɗa su da abokin aikinka na sashen tattalin arziki ko na tarihi, in ya yarda, ta haka muryoyin arewa za su yawaita maimakon a mayar da kai kakakin kowa. Za su rage kiranka, wannan babu shakka. Wataƙila sai damuna ta kankama su tuna da kai, kuma hakan daidai ne, lokacin ne kake da abin faɗa.

Farfesan da suke rubuta maka kuwa, ka gyara shi a wannan makon, a rubuce. Dakta kake har sai ka hau matakin maître de conférences, wanda ke sama da naka, daga nan ake fara kiran malami Farfesa. Manyanka suna gani, kuma daga cikin irinsu ake ɗaukar masu duba takardunka ranar da ka nemi ƙarin girma. Ko babu wannan ma, ƙarya ce ake yi da sunanka kana kallo.

Malam mahaifinka, Allah ya ƙara masa lafiya, bai yi magana a banza ba. Ya san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim na mutane ukun da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya nemi ilimi ya karantar domin a ce masa malami, aka kuma faɗa. Wannan yake jiye maka. Amma ya san ɗayan hadisin ma, na wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta. Ba ni zan yi wa Malam fatawa ba, ya fi ni sanin bayanin malamai a kansu. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya san ruwa na iya cin gari ya yi shiru don kada a ce yana neman suna, bai kuɓuta ba. Riya a zuciya take zaune. Ana yin ta a zaure gaban almajirai goma, ana kuma tsira daga gare ta gaban dubbai. Malaman da ke tafsirin azumi a rediyo, tun zamanin da iyayenmu ke murɗa akwati suna neman Kaduna da dare, ba wanda ya ce dukkansu nuna kai suke yi.

Jin daɗin gaisuwa kuwa halin ɗan'adam ne, kada ka tsananta wa kanka a kansa. Amma ka auna zuciyarka. Da za a ce a watsa bayaninka ba sunanka ba hotonka, za ka yi masa shiri da himmar da kake yi yanzu? Ranar da aka kira wani ba kai ba, ya kuma yi bayani mai kyau, me ka ji a ranka? Ba ni za ka ba amsa ba.

Ka je Garwa da ƙafarka, wannan ba maganar waya ba ce. Ka zauna a ƙasa inda ka saba zama, ka gaya wa Malam ya yi gaskiya a kan fitar da kake yi kana maganar abin da ba ka karanta ba, kuma ka daina. Sannan ka faɗa masa da Hausa abin da ka bayyana ranar ambaliya, domin ina kyautata zaton bai ji shi ba, hotonka kawai aka nuna masa a waya kana zuba Faransanci cikin kwat. Ka roƙi albarkarsa a kan wannan kaɗai. Malamin zaure ya fi kowa sanin bambancin mai karantarwa da mai surutu.

Kawunka bai yi ƙarya ba, an ga waɗanda suka bi ta allon talabijin har aka karanta naɗinsu a labaran rediyo. Amma mai magana yana jiran naɗi ya riga ya san abin da ba zai faɗa ba, masu kallo kuma suna ganewa. In siyasa kake so, hanya ce halattacciya, malaman jami'a da dama a ƙasar nan sun shige ta, a ɓangaren masu mulki da na adawa. Ka ɗauki katin jam'iyya kowa ya sani. Abin da na ƙi shi ne neman muƙami da sunan bayanin kimiyya. In kuma wani da ba gidan talabijin ba ya fara biya maka jirgi da masauki a Duwala, ka tambayi kanka me yake saye.

Tsoron mai ɗakinka yana da tushe. A nan Marwa aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a ƙarshen Yulin 2015. Kotun soja ta yanke masa shekara 10 ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, sai a Disambar 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Tun ƙarshen 2019 dokar hukunta laifuka ta tanadi ɗauri ga kalaman cin mutuncin ƙabila. A 2022 hukumar sadarwa ta ƙasa, CNC, ta dakatar da muhawarar Lahadi ta Equinoxe na wata guda bisa zargin ba a tsawata wa baƙon shirin ba. A Oktoban 2024 ministan harkokin cikin gida ya haramta muhawara kan lafiyar shugaban ƙasa a kafafen watsa labarai. Kai kuma ma'aikacin gwamnati ne, kana zaune a yankin da ake yaƙi. Magana zarar bunu ce, ta kai tsaye kuwa ta fi, domin kafin ka tashi daga kujera an yanko guntunta, an zubar da abin da ya gabata da abin da ya biyo, tana yawo a WhatsApp da Facebook.

Ba cewa nake ka zama matsoraci ba. In ganuwa ta fashe saboda an yi sakaci da ita, ka faɗa, tare da ranar da ka je ka gani da abin da ka auna. Hujjar da ke hannun malami ita ke kare shi, kai kuma a fanninka kaɗai kake da hujja. Ka riƙa faɗa a fili cewa da bakinka kake magana, ba da yawun jami'a ba. Kuma kafin ka amsa gayyata a kan batu mai zafi ka gaya wa iyalinka. Ita za a bari da yara in wani abu ya faru, haƙƙinta ne ta sani tun kafin a kunna kyamara.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wasiƙarka, wanda kai a layi ɗaya ka wuce shi: kundayen nan. Har zuwa 1993 cikakkiyar jami'ar gwamnati ɗaya ce a Kamaru, ta Yawunde. A shekarar ce cibiyar Ngaundere ta zama jami'a, ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa a 2022. Kafin nan yaron Mokolo ko Kaele da ya ci bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, sai ya yi tafiyar kwanaki, da yawa kuma ba su tafi ba, musamman 'yan mata. Saboda waɗannan yara aka kawo jami'a ƙofar gida, saboda su ake biyan ka albashi. Yarinyar da kundinta ke ƙarƙashin tarin takardu a teburinka, wataƙila buhunan masakwa aka sayar aka biya mata sefa 50,000 na rajista, ban da haya da abinci. Duk watan da ka jinkirta hayar ɗaki ce ta ƙaru a wuyan ubanta. Wataƙila gasar shiga aiki ta wuce ta saboda ba ta kare kundin ba, ga shi gasar gwamnati tana da iyakar shekaru. A gida ana ce mata ta dawo ta yi aure tunda karatun ya ƙi ƙarewa. Ita ba ta da inda za ta kai kuka. Ranar Lahadi ta gan ka kana maganar ƙwallo, ranar Litinin ta zo ofis ka ce mata ba ka samu lokaci ba. Ɗana, wannan haƙƙi ne, kuma ya riga talabijin.

A nan farfesan sashenku ya yi gaskiya. Cinyewar da yake nufi ba ta tsaya ga lokacin da kake kan allo ba. Akwai daren Asabar na shiri, akwai yinin Litinin na amsa saƙonni da leƙen abin da aka rubuta a kanka. Sannu a hankali karatu ya tsaya, zuwa bakin kogi ya tsaya, ka wayi gari kana maimaita abin da ka gano tun kana ɗalibi, alhali kogin ya canja. Kwamitin da ke duba ƙarin girman malaman jami'o'i, CCIU, rubuce-rubucenka yake aunawa da koyarwarka da ɗaliban da ka yaye. Marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa, ya ƙare rayuwarsa yana bin fadojin lamidai da tsofaffi yana tattara tarihin Garwa da Marwa da Ray Buba da Tibati, ya rasu tun 2004, amma har yau mai rubuta tarihin arewacin Kamaru sai ya bi ta kan aikinsa. Don haka ka kafa wa kanka doka: muddin akwai kundin da ya wuce ranar da ka yi wa mai shi alkawari, ba ka amsa gayyata, sai fa in ruwa ne ya taso ana bukatar gargaɗi. Ka kira ɗaliban nan ɗaya bayan ɗaya, ka yanka wa kowa rana, ka cika.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba. Masunci a Zina, mai noman shinkafa a Maga, makiyayi a gefen Waza, su ne ruwan ke ci, kuma ba su ne masu kallon muhawarar Faransanci ba. Ko a Garwa da Marwa mun san yadda wuta ke yi in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya. Rediyo kuwa da batir yake aiki, yana kuma cikin ƙaramar wayar da ke aljihun kowa. CRTV tana da tashar yanki a Marwa mai shirye-shirye da harsunan gida, ga gidajen rediyon al'umma, ga sassan Hausa na BBC da RFI da DW masu sauraro daga Ngaundere har Njamena. Masanin da zai yi bayanin Kamaru da Chadi da Hausa mai kyau ba shi da yawa, kai kuma ɗan zaure ne, ka tashi a Garwa, Hausa da Fulatanci ba za su gagare ka ba.

Kuma a nan iliminka yana iya tsamo rai. Ruwan Logone daga tsaunukan Adamawa da kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya yake gangarowa, sai ya ɗauki lokaci kafin ya iso fadama, shi ya sa cikar kogin take zuwa a ƙarshen damuna, a Kusiri ma bayan ruwan sama ya ɗauke. Abin da ma'auni ya nuna a garuruwan Mundu da Lai da Bongor na Chadi labari ne na abin da ke tafe ga na ƙasa da su. Wanda ya ji da wuri zai kwashe hatsinsa, ya kora dabbobinsa tudu, ya ɗauke tsofaffi da yara. Kada ka jira su neme ka. Ka je tashar Marwa tun watan Mayu, kafin damuna ta sauka, ka nemi ɗan lokaci kowane mako har ruwa ya janye. Ka tafi da ɗalibanka masu jin Musgum da Masa da Larabcin Shuwa su yi bayanin da harsunansu, a kuma ambaci sunayensu a shirin.

Allah ya yi jagora. Ka gaishe da Malam da iyali.